Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ma'aikatar Lafiya Ta Jihar Kaduna Kan Ƙibar Yara Da Magungunan Ƙara Jiki A Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa ta girmamawa ga mai girma Kwamishina da daraktoci da sauran ma'aikata, muna rubuto wannan takarda ne a madadin wasu daga cikin masu hulɗa da yara da matasa kullum a Zariya da Sabon Gari: ma'aikatan jinya, masana abinci mai gina jiki, malaman motsa jiki na makarantu, da masu koyar da ƙwallo a filayen unguwa. Muna fatan za ta kai kunnen hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, da hukumar PCN mai kula da kantunan magani, da shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu, domin kowannensu maganar ta shafe shi.

Mun san tamowa ce ta fi ci wa jihar nan tuwo a ƙwarya, kuma ba mu zo mu ce a rage ko kwabo daga abin da ake kashewa a kanta ba. Damuwarmu ita ce, awon da ake yi wa yaro a asibitin unguwa yana tsayawa ne da zarar ya cika shekara 5. Daga nan ba mai sake ɗora shi kan sikeli sai ciwo ya kawo shi. A tsakanin ajin farko na firamare da ƙarshen sakandare kuwa, abubuwa biyu suna ta yaɗuwa ba mai tsawatarwa: ƙibar yara, da shan magungunan ƙara jiki da ƙarfi. Mun haɗa su a takarda ɗaya saboda sau da yawa kanti ɗaya ne ke sayar da abin da ke jawo su duka biyun.

Mu fara da ƙibar. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 1990 kashi 8 cikin 100 na 'yan shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce ƙima, amma zuwa 2022 ya kai kashi 20, wato yara da matasa sama da miliyan 390, miliyan 160 daga cikinsu masu ƙibar da ta zama cuta. Wani zai ce wannan matsalar ƙasashen masu hali ce. Ba haka ba ne. Yaron da yunwa ta tsumburar da shi yana ƙarami, in ya girma ya haɗu da sukari da mai masu araha, kitsen a ciki yake tarar masa, kuma ya fi saurin faɗawa ciwon suga da hawan jini idan ya manyanta. Shi ya sa a gida ɗaya za a iya samun ƙaramin yana karɓar abincin masu tamowa, yayan kuma tumbi ya hana shi ɗaure igiyar takalmi.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, mu a wurinmu ƙiba alamar hutu ce. Yaro ya yi kumatu, sai a ce tubarkalla, gidansu ana ci. Ba wanda ke kai ɗansa asibiti don ya yi ƙiba. Ana kawo shi ne don wani abu dabam: minshari mai tsanani har numfashi ya riƙa ɗaukewa cikin barci, gyangyaɗi a aji, ciwon gwiwa ko ƙugu da ɗingishi, ko yarinya ta fara al'ada da wuri. Akwai kuma wata alama da iyaye mata suka sani ƙwarai amma ba su san ma'anarta ba. Bayan wuyan yaro da hammatarsa su yi baƙi, fatar ta yi kauri da laushi kamar karan-miski. Uwa ta ɗauka dauɗa ce, ta yi ta dirza da soso da sabulun salo har wurin ya saɓule, wata ma ta shafa man bilicin. Wannan baƙin ba ya fita da wanka. Alama ce cewa jiki ya fara ƙin jin sinadarin insulin mai daidaita suga a jini, wato yaron ya kama hanyar ciwon suga irin na manya. Ma'aikacin lafiyar da ya san wannan, ɗaga kwalar rigar makaranta kawai zai yi ya gane.

Ko a inda ake awon ma, ana yawan kuskure. Lissafin gane ƙiba shi ne a raba nauyi na kilo da tsawo na mita, a sake raba abin da aka samu da tsawon. Yaro namiji ɗan shekara 10 mai kilo 45 da tsawon mita 1.38 zai ba da 23.6. Wanda ya duba da ma'aunin manya, inda matsala ke farawa daga 25, zai ce lafiyarsa lau. Alhali a jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya, ɗan wannan shekarun nauyinsa ya fara wuce ƙima daga 18.5, kuma daga 21.4 ya shiga ƙiba. Dole a duba da jadawalin shekaru, na maza dabam na mata dabam. Haka awon hawan jini: in aka ɗaura ƙaramar ɗamara a dantsen yaro mai kauri, lambar za ta haura fiye da gaskiya, in kuma ta yi masa yawa sai ta sauka. Inda babu kayan aiki, zare ma ya isa a fara da shi. A auna tsawon yaron da zare, a ninka shi biyu, a zagaya cikinsa a ɗan saman cibiya. In bakin zaren bai haɗu ba, a tura shi a duba shi.

Daga ina ƙibar ke fitowa? Duk mai son gani ya tsaya a ƙofar kowace makaranta a Tudun Wada ko Samaru ko Gyallesu lokacin tara, ya ga inda kuɗin tarar ke tafiya: lemon roba, ruwan kala da aka daskarar a leda, biskit, alawa, cincin, fanke. Lemon kwalba na yau da kullum yana ɗauke da sukari wajen giram 10 a kowace mililita 100. Robar 50cl ke nan tana da kusan giram 50, cokalin shayi 12 da ɗoriya. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, wanda ga babban mutum ya kama giram 50, kuma ya fi kyau a tsaya a rabin haka. Yaro ya shanye kason babansa na wuni guda kafin a kaɗa ƙararrawar komawa aji. Sukarin da ke cikin ruwa kuma ba ya ƙosarwa, don haka zai koma gida ya ci abincinsa cif. Kada kuma mu wanke na gida: zoɓo da kunun aya da ake zuba wa sukari da gwangwani ba su da maraba da na kamfani. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai zaƙi, wato naira 5 a kan roba ɗaya. Wannan bai hana kowa saye ba, kuma ba hurumin jiha ba ne. Amma abin da ake sayarwa a harabar makaranta huruminku ne ku da Ma'aikatar Ilimi.

Sai rashin motsi. Abin da ake so ga ɗan shekara 5 zuwa 17 shi ne minti 60 kullum na wasan da zai sa shi haki da gumi. Yaron yau keke ne ke ɗaukarsa zuwa boko, ya dawo ya wuce Islamiyya, daga nan lesin, da dare kuma waya. Makarantun kuɗi da yawa gidajen zama ne aka mayar ajujuwa, tsakar gidan bai isa a yi 'yar gala-gala ba, balle langa ko ƙwallo. Inda akwai filin ma, darasin motsa jiki shi ne na farko da ake ba malamin lissafi in jarrabawa ta matso. 'Yan mata su suka fi cutuwa, don da sun kai aji biyar ko shida sai a ce sun girma da tsalle-tsalle.

Ranku ya daɗe, yanzu ga maganar da ta fi tsaya mana a rai. Akwai ƙibar da ake saye da kuɗi a kyamis. Uwa ta ga ɗanta ba ya cin abinci, ko budurwa ta ga biki ya matso tana so ta ciko, sai a ba su abin da ake kira sha-ka-fashe. Galibi magani biyu ne ake haɗawa. Ɗaya saifuroheftadin, maganin ƙaiƙayi da atishawa ne wanda yake buɗe ciki ya kuma sa barci, shi ne a cikin yawancin ruwan maganin cin abinci da ake ɗura wa yara. Ɗayan deksametazon, magani mai ƙarfi da likita ke rubutawa don cututtuka kamar asma mai tsanani, na ɗan lokaci kuma da lissafi. Cikowar da deksametazon ke kawowa kumburi ne da kitse a inda bai kamata ba: fuska ta yi faɗi kamar faifai, tozo ya fito a bayan wuya, ciki ya yi gaba, hannuwa da ƙafafu su sirance, fata ta yi nankarwa. A ciki kuma suga na hawa, jini na hawa, ƙashi na yin laushi, garkuwar jiki na faɗuwa, in yaro ne tsawonsa ma ya tsaya. Babban tarkon yana wurin dainawa. Wanda ya sha shi makonni, ƙullutun da ke saman ƙoda, masu samar wa jiki irin wannan sinadarin, sun daina aiki. In ya yanke rana ɗaya sai amai, kasala, jiri, jini ya faɗi ƙasa, har ta kai ga rasa rai. A hankali ake rage shi, a hannun likita. Saboda haka duk wayar da kan da za a yi, kada a tsaya a kan cewa a daina sha. A faɗa wa mutane su zo asibiti a yaye su. Maganin nan ba ya cikin waɗanda doka ta yarda a sayar ba tare da takardar likita ba, amma ana ƙirga shi a leda kamar alawa.

Ɓangare na biyu shi ne na samari. Kusan kowace unguwa yanzu akwai kangon da ake ɗaga ƙarfe, an cika gwangwanayen fenti biyu da siminti an soka musu rodi, ban da wuraren motsa jiki na kuɗi da suka yawaita a kewayen jami'a da kwalejoji. Garin da ake horar da kuratan soja ne, ga kuma masu burin ƙwallo ta fitar da su waje, don haka son jiki ya murɗe ba abin mamaki ba ne. Ɗaga ƙarfen kansa ba mu da ja da shi, in an koya daidai alheri ne. Abin da ake sha a kansa ne matsalar.

Garin furotin, wato sinadarin gina jiki, na gaskiya daga ruwan madara ake yinsa, kuma awo ɗaya yana ba da giram 20 zuwa 25. Ba guba ba ne, sai dai yana da tsada, don haka masu sayarwa kan buɗe babbar roba su riƙa aunawa a ƙulla a leda. Da an yi haka, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, ba mai iya rantsewa a kan abin da aka gauraya. Ko rufaffiyar robar ma ba a gama tsira ba. Wani bincike da kwamitin wasannin Olamfik na duniya ya ɗauki nauyinsa, aka yi a ɗakin gwaji na birnin Kolon a Jamus a farkon shekarun 2000, ya gwada irin waɗannan kayayyaki 634 daga ƙasashe 13, ya tarar 94 daga ciki, kusan kashi 15 cikin 100, suna ɗauke da sinadaran sitiroyid masu gina tsoka da ba a rubuta a jikinsu ba. Garin da ake cewa na ƙara nauyi kuwa, yawancinsa sitaci ne da sukari. Saurayin da ke shansa ba ya wani horo mai nauyi, tumbi zai ajiye ba ƙwanji ba, ga shi ya dawo cikin matsalarmu ta farko da kuɗinsa.

Alhali lissafin mai sauƙi ne. Mai horo sosai yana buƙatar giram 1.2 zuwa 2 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 60 ke nan giram 90 sun ishe shi. Ƙwai biyu giram 12, kofin dafaffen wake wajen 15, rabin litar nono ko kindirmo wajen 16, kifi mai girman tafin hannu wajen 20, gyaɗa cikin hannu wajen 7. An kai 70 ke nan, tuwo da shinkafa da burodin da zai ci a wunin su cike ragowar. Ba a ma sa awara da ƙuli-ƙuli ba. Duk wannan akwai shi a kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada, kuma abin takaici ne a garin da ke da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika da ta aikin gona ta IAR a Samaru, a ce saurayi ya raina nono da waken suya yana neman garin leda. Sinadarin kiriyatin, wanda masu horo ke sha don ƙarin ƙarfi, yana daga cikin 'yan kaɗan da bincike ya tabbatar suna aiki, giram 3 zuwa 5 a rana ga baligi mai lafiyar ƙoda, amma ba abin da za a miƙa wa ɗan shekara 14 ba ne don kawai ya ga na gaba da shi na sha.

Lemon ƙara kuzari ya zama ruwan shan 'yan ƙwallon unguwa, wasu kafin a take wasa, cikin zafin watan Maris da Afrilu. Galibinsu suna da kafeyin, sinadarin da ke hana barci a kofi, wajen miligiram 30 a kowace mililita 100, roba ɗaya ta 50cl ta kai 150 ke nan. Iyakar da hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta sa wa yara ita ce miligiram 3 a kan kowane kilo a rana, wato 120 ga yaro mai kilo 40. Sakamakon shi ne bugun zuciya da sauri, rawar hannu, rashin barci, ga sukarin da ya kai na lemo. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta faɗa tun 2011 cewa wannan abin sha ba na yara ba ne. Wasan da bai wuce awa guda ba, ruwa zalla ya wadatar. Mafi muni shi ne masu jefa tiramadol a ciki don kada su ji gajiya, haɗin da kan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Sai allurai da ƙwayoyin sitiroyid masu gina tsoka, irin su Deca-Durabolin da Sustanon da Dianabol. Aikinsu na nunawa da wuri, shi ya sa wa'azi a kansu ke da wuya. Amma yaron da bai gama girma ba, suna rufe masa guringuntsin bakin ƙashi da tsawo ke fitowa daga gare shi, kuma in ya rufe ya rufe ke nan. Ga ƙuraje a baya da kafaɗa, nono ya fito wa namiji, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu har haihuwa ta gagara, saurin fushi, hawan jini, na haɗiya kuma su ci hanta, ido ya yi ɗorawa. Sirinji ɗaya in ya zagaya abokai uku, ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau sun sami hanya. Mai burin wasa kuma ya sani, dokar hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni a duniya, ba ta karɓar uzurin ban sani ba, abin da aka samu a fitsarinka naka ne. Chika Amalaha tana da shekara 16 aka ƙwace zinaren da ta ci wa Nijeriya a ɗaga ƙarfe a gasar Commonwealth ta Gilasgo a 2014, saboda magungunan sa fitsari da aka samu a jikinta. Tiramadol ma ya shiga jerin abubuwan da aka haramta lokacin gasa tun farkon 2024.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ga abin da muke roƙo.

A mayar da awon nauyi da tsawo wajibi a kowace firamare da ƙaramar sakandare, ta gwamnati da ta kuɗi, sau ɗaya a shekara aƙalla. Manufar kula da lafiyar ɗalibai ta ƙasa ta 2006 ta riga ta tanadi duba lafiyar 'yan makaranta, aiwatarwa ce ta rage. Kayan ba su da yawa: sikeli, ma'aunin tsawo, jadawalin maza da na mata, da ɗamarar awon jini mai girma uku. Asibitin kowace mazaɓa ya ɗauki makarantun da ke kewayensa. A yi awon a keɓe, mace ta auna mata, kada a kira lambar yaro a gaban 'yan ajinsu, domin tsokana kan sa yaro ya tsani wasa ko yarinya ta fara ƙin cin abinci. Wanda aka samu da matsala a ba iyayensa takarda zuwa Asibitin Gambo Sawaba ko sashen yara na asibitin koyarwa da ke Shika. A kuma gargaɗi ma'aikata kada su ɗora yaro kan horon yunwa ko shayin rage teɓa. Ga yaron da bai gama girma ba, sau da yawa abin da ake nema shi ne nauyin ya tsaya, tsawo ya kamo shi, kuma gidan gaba ɗaya ne ke canza cima.

A hana sayar da lemon kwalba da na ƙara kuzari a cikin makarantu da bakin ƙofarsu, a tabbatar akwai ruwan sha mai tsafta. Iyayenmu mata masu talla a wurin kada a kore su, abincinsu ke nan. A zauna da su su koma dafaffen ƙwai, awara, ɗanwake, gyaɗa, rogo da ƙuli, gwaiba, kankana da mangwaro a lokacinsa, zoɓon kuma a rage masa sukari. Makarantar da ba ta da fili, a sa sharaɗin sabunta lasisinta ya haɗa da nuna inda take kai yara wasa, ƙananan hukumomi kuma su daina bari ana yanka filayen unguwa ana shaguna.

Muna roƙon ku nemi NAFDAC da PCN su zagaya kyamis-kyamis da wuraren ɗaga ƙarfe tare da jami'anku, su duba abu uku: deksametazon da ake sayarwa ba takarda, alluran sitiroyid, da garin da ake ƙullawa a leda. A riƙa ɗibar samfur ana gwadawa, a sanar da sakamakon da Hausa a rediyo, da sunan kayan yadda mai saye zai gane shi. Masu koyar da ƙwallo da masu wuraren motsa jiki kuma a tara su horon kwana ɗaya, don yaro ya fi jin maganar kocinsa a kan ta likita. Muna kuma ganin in aka kai maganar sha-ka-fashe gaban Masarautar Zazzau da limaman Juma'a da malaman Islamiyyun matan aure, za ta shiga ɗakunan da ma'aikacin lafiya ba ya shiga.

A shirye muke mu ba da lokacinmu kyauta wajen horar da malamai da ma'aikatan asibitocin unguwa kan awon da karanta jadawalin. Muna roƙon a fara gwaji da mazaɓa biyu, ɗaya a cikin ganuwa ɗaya a Sabon Gari, a zangon karatu mai zuwa, a kuma sanar da jama'a jami'in da aka ɗora wa aikin domin mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Allah ya taya ku riƙo. Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiya, malaman motsa jiki da masu horar da 'yan wasa a Zariya da Sabon Gari.